Na Yi Zane a Fuskar Na'ura

Gwaggo, ki taimake ni da shawara, don ina gab da ajiye karatuna.

Ni malamar kimiyyar sinadarai ce a sakandare, alli ya riga ya cinye mini yatsu. Da girmana na koma jami'a neman digiri na biyu, ashe duniya ta yi gaba ta bar ni. Yanzu wai a kwamfuta ake haɗa sinadarai, ba kwalba, ba wari, ba ƙuna. Ranar da aka ce kowa ya koyar da darasi da wannan manhaja ta kwamfuta, na tsaya gaban aji ina ta danne-danne, abu ya ƙi. Sai hannuna ya koma ga abin da ya sani, na zari alƙalamin maka na zana kwalbar gwaji a farin allon bango. Ashe ba allo ba ne, fuskar na'ura ce, tawadar kuma ta ƙi fita.

Wadda ta taso da auduga da sifirit ta goge mini, ɗalibata ce ta da, yau muna aji ɗaya. Ta yi tayin koya mini manhajar, na ce ba ni da lokaci, alhali kunya ce ke cina. Maigidana ya ce in hutar da raina. Ni kuwa raina na son karatun nan. In bari?

Malama Mai Alli

'Yar'uwa, na tausaya miki, jin kunya gaban na ƙasa da kai akwai ciwo. Amma an ce gemu ba ya hana ilimi, ke ko gemun ma ba ki da shi.

Maigidanki tausayinki yake ji, kuma gaskiya ne na'ura ba ta san warin iskar gas in ta tsiyaye ba, ke kin sani. Sai dai yaran da kike koyarwa cikin duniyar na'urar za su nemi abinci. In kin gudu, su kika bari a baya.

Ki karɓi tayin ɗalibarki. Ku riƙa shiga ajin in ba kowa, ki yi kurakuranki a ɓoye, sannan ki gwada darasi guda da yaranki.

Ki kuma tambayi kanki, wa ya koya mata cewa sifirit na narkar da tawada? Iliminki ne ya taso daga kujera ya rufa miki asiri. Ki koma aji. Allah ya ba ki sa'a, ya sa ki gama lafiya.

Gwaggo