Zuwa Ga Malam, Kan Belin Motarka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Malam. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke iya yi wa wanda ya riga shi, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Mu nan Tambuwal muna lafiya, ɗiyanka duka suna lafiya. Damina ta uku ke nan muka yi ba ka.

Na san ba ka karanta wannan. Amma kai kaɗai ne za ka gane zancen ba tare da na yi ta maimaitawa ba, kuma na gaji da maimaitawa.

Zancen motarka ne. Da anka yi rabon gado ta faɗa cikin rabon yara, anka bar ta hannun ƙaninka Bello yana jigila tsakanin Tambuwal da Kebbe kamar yadda kake yi. Da ita muke ci, da ita ake ɗinkin Sallah. Ban da abin cewa kan amanar Bello. Kullum kafin magariba zai aje ta ƙofar gida, ya leƙo ya ce, "Uwargida ran gida, ga makullin kishiyarki," ya ɗauki abin da ya tarar cikin kwano ya ci a tsaye. Tun yana yaro haka yake yi mini.

Bayan girbi na fara ganin ƙasa na jiƙewa ƙarƙashin hancin motar. Da safe Bello kan ɗebi ruwan randa ya ƙara wa lagireto mai sanyaya inji, har ya zamana yana yawo da jarka bayan kujera. Na aika anka kira Isa bakanikenka, ya tsaya zaure, ni ina daga ciki. Ya ce famfon ruwa ne ke ɗiga, kuma ruwan yana sauka kan taimin bel, wancan belin roba mai haƙora da ke cikin inji. Ya tambaye ni yaushe anka canza shi. Mitar motar ka san ta mutu tun kana nan, ba a iya sanin tafiyar da ta yi.

Sai na tuna ragon sunan Nana. Satin da na haife ta ka wuni gareji, ka dawo da tsohon bel rataye a wuya, da shi ka ɗaure ragon jikin turke don igiya ta ɓata. Ina ɗaki ina jin mata suna yi maka dariya. To Malam, Nana ta gama babbaƙu ta shiga farfaru, haƙorinta na gaba ya fara girgiɗi. Da na faɗa wa Isa haka, sai ya yi salati. Ya ce bel shekara fuɗu zuwa biyar ake ba shi ko da mota na kwance, balle wadda ke bin hanyar Kebbe kullum. Ya ce in ya tsinke ana cikin tafiya, ƙarafan ciki da ake kira bawul su lanƙwashe, inji ya tashi aiki. Kuma tunda wuri guda ake kwancewa, a canza shi tare da famfon, kada a buɗe sau biyu.

Maganarka ce ya maimaita, ko bai sani ba. Kakan ce, "Taya na hwaɗa maka ta gaji, birki na kuka, amma shi bel ba ya jinya." Lokacin ban ɗauke ta bakin komai ba. Ranar da ka karya kumallo lafiya lau, ka tashi alwalar azahar ka faɗi, ranar na san akwai abin da ba ya jinya.

Bello bai yarda ba. Ya ce famfo dai a canza, tunda kowa ya ga yoyonsa, amma bel mi ya yi? Ya ce bakanike neman aiki yake. Sannan ya faɗi wadda ta tsaya mini a rai: "Uwargida, ke da kike ɗiyar malamai, ki cire abu mai rai ki yar, da dukiyar marayu? Wanga ba almubazzaranci ba ne?"

Ka san inda ya taɓa. Ka san yadda Baba ya karantar da mu kan dukiyar maraya, har nakan ji tsoron lasar cokalin da na dama wa yara koko. Kwanaki na yi ina jujjuya abin. In na canza, wataƙila na ɓarnatar da haƙƙinsu kan abin da zai iya ƙara shekara. In na bari ya tsinke tsakanin Tambuwal da Kebbe, da mutane cike da mota, na kashe musu abin da ka bar musu gaba ɗaya. Kowane gefe na juya sai in ga tambaya na jirana gobe kiyama. Ina tankaɗe ina tunani, ina lazimi ina tunani, har na fara rasa inda na tsaya a carbi.

Daga baya na ga hanya guda wadda zuciyata ta iya ɗauka. Na sa anka kai jar akuyata kasuwa, wadda Inna ta ba ni. Famfon ya fito daga aikin mota, belin ya fito daga akuya. In ɓarna ce, tawa na ɓarnatar, ba ta yara ba.

Saura Bello. Ya ce a bari sai kasuwar kaka ta lafa, yanzu ne ake samun fasinja. Na san in ta lafa zai ce sai bayan azumi. Ranar kasuwar Kebbe ya zo da sassafe karɓar makulli, ni kuwa na riga na ƙulle shi a haɓar zanena. Na ce masa motar yau gareji za ta. Ya yi dariya, ya zaci wasan da muka saba ne. Da ya ga ban ɗago kai daga turmi ba, sai ya gane ba wasa nake ba. Malam, tunda nake ban taɓa hana namiji na gidanku wani abu ba. Na ci gaba da dakana. Fasinjan da ya yi wa alkawari suna tsaye waje, gabansu ya fita hannu wofi. Na aika Isa ya zo ya tafi da motar.

Washegari da la'asar ya dawo da motar daga wurin Isa. Ya shigo tsakar gida ya aje tsohon belin gabana ya ce, "Ga akuyarki." Na duba, wallahi baƙi sumul, kamar ba abin da ya same shi. Na ji an ce sai da ya nuna wa direbobi a tasha kafin ya kawo mini.

Bayan ya fita na ɗauka na lanƙwasa shi ta baya. Gindin haƙoran duk ya tsattsage kamar kaushin ƙafa, wani wurin har zare ya leƙo. Na so in aika a kira shi. Sai na tuna na riga na kunyata shi sau ɗaya gaban mutane, ba ni da buƙatar na biyu. Na naɗe shi na tura ƙarƙashin gado.

Har yau yana kawo makulli kafin magariba. Sai dai daga zaure yake sallama, ya ce, "Malama, an wuni lafiya?" ya aje ya juya. Kwanon yana nan a rufe har in ɗauke. Ban san ko zai huce ba, kuma ba ni da ƙarfin bin sa da ban haƙuri kan abin da in anka maimaita zan sake yi. Na gaji, Malam. Ban san haka kake ɗauke da waɗannan abubuwa kai kaɗai ba, kana shigowa kana tambaya ko akwai sauran fura.

Yau ma motar ta je Kebbe ta dawo. Ba ta tsaya a hanya ba, ba wanda ya kira, ba abin da ya faru. Abin da na saya da akuyar Inna da dariyar ƙaninka ke nan, wunin da ba labari cikinsa. Ba ni da wanda zan nuna wa shi sai kai.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa ka huta hutun da ba ka samu nan ba. Allah Ya raya ɗiyanka kan halal, Ya tsare Bello da duk wanda ya ɗauko, Ya sanyaya zuciyarsa gare ni. In na yi daidai Allah Ya karɓa, in na yi kuskure Ya yafe mini.

Wassalam.

Iyalinka,
Uwar su Nana