Yatsun da Na'ura Ta Kasa Karantawa

Tremont, Bronx

Yaya Rahina,

Assalamu alaikum. Ya Inna da yara? Ya jikin Baba? Na ji kin ce ya daina cin abinci. Ni lafiyata lau, sai dai ba zan zo watan nan ba, kuma kada wani munafuki ya ce masa ƙi na yi.

Kin san hawan dutsen da kuke min dariya a kai. Da sanyi ba a fita duwatsu, sai mu yi ta lilo da yatsu a bango mai kaushi don ƙara ƙarfi. Da na je neman takardar tafiya, na'ura ta kasa ɗaukar zanen yatsuna, don bangon ya cinye shi. Duk littattafan horon da na haddace, babu wanda ya gargaɗe ni. Ma'aikaciyar ta ce in dawo idan fata ta tsiro. Na gaya mata magana, alhali laifin nawa ne.

Na daina atisayen. Man kaɗanya nake shafawa safe da yamma kamar amarya.

Ki riƙe masa hannu a madadina. Ki ce don Allah ya jira ni, fata ce, tana tsirowa.

Ƙaninki,
Yacouba