Sau Nawa Aka Tambayi Mama?

Hue, 9 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Thuc,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Lyon bai gama da hancinki ba, ina mai sanar da ke, a madadina da gwaggonki Lieu da ɗaukacin mutanen layinmu, cewa yau Talata da misalin ƙarfe goma na safe baƙuwarmu Noemi ta tsallaka titin bakin kasuwar Dong Ba ita kaɗai. Ba wanda ya riƙe mata hannu. Babura sun fi ɗari suka yi ta gilmawa gabanta da bayanta, ba ta ruga ba, ba ta ƙame ba, ba ta kira sunan uwarta ba. Mai sayar da furen bado har tafa mata ta yi. Na nemi a rubuta ranar a jikin bangon da muke shata iyakar ambaliya kowace shekara, gwaggonki ta ce in girma.

Jami'a ta kira wannan abu musayar ɗalibai. An ɗauke min 'ya tun Janairu, sai da aka yi wata takwas aka tuna ana aiko min da wata a madadinta, wadda ƙafafunta suka zarce gadonki da taƙi guda. Amma yarinyar kirki ce. Shekara biyu ta yi tana koyon harshenmu kafin ta zo, tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Duk abin da ta gani sai ta rubuta a wani koren littafi, wai rahoto za ta kai. Ita ce kuma ke ɗaukar hoton wasiƙuna ta tura miki ta waya, tunda ni har yanzu ban yarda babban yatsa alƙalami ne ba.

Gwaggonki ta ɗauki aikin ƙiwata ta. Jiya a wurin cin abinci ta ce, "Ƙara mana, 'yar nan, kin zama kamar gorar shanya."

Noemi ta ce, "Gwaggo, na ƙoshi."

"Ƙoshin me? Kwano biyu? Thuc uku take ci, ta bi tukunya tana kankarar ƙanzo."

Daga nan kowa ya koma kan abincinsa, ruwan sama na dukan kwanon rufi.

Ni dai kada ki sa a ranki wai ina kewarki. Ina karatuna lafiya, ba mai ɗauke min tabarau, ba mai gyara min magana. Gwaggonki ce ke ƙirga kwanaki, ta ce saura casa'in da huɗu ki dawo. Na duba mata lissafin don kada ta yi kure, daidai ne.

Ki riƙa rufe wuyanki. Kakanni su tsare ki.

Mahaifinki,
Khiem

Lyon, 13 ga Oktoba

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Gwaggo. Na yi dariyar labarin Noemi har maƙwabciyata ta buga min bango.

A nan ma an fara ruwa, amma ruwan garin nan ba shi da murya. Sai ka leƙa taga kake sanin ana yi. Ran Lahadi na shiga wani shagon mutanenmu, na tsaya gaban kwalaben miyar kifi ina shaƙar warin kamar mara hankali, har mai shagon ta ce, "Ke 'yar Hue ce ko? Ku ne kuke zuwa ku tsaya haka."

Baba, akwai maganar da na kwana uku ina juya yadda zan faɗe ta. Malamar da ke duba aikina ta ce in ƙara shekara guda. Za su auna yadda kogi ke cika a farkon bazara, ta zaɓi ɗalibai biyu, ina ciki. Abin da na zo koyo ke nan, abin da zai amfani garinmu da ruwa ke shiga mana ɗaki kowace shekara. Amma aikin daga Janairu ne zuwa Mayu, ba hutu. Ka san abin da wannan ke nufi: ba ni a bikin sabuwar shekararmu ta gargajiya a Fabrairu, ba ni kuma a ranar fita makokin Mama, ranar da ya kamata in tsaya kusa da kai a ƙona fararen ƙyallayenmu na makoki.

Dole in ba ta amsa ran Juma'a, 26 ga wata. Ba takardar da ke neman sa hannunka, amma ni ba zan amsa ba sai da yardarka.

'Yarka mai biyayya,
Thuc

Hue, 17 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Thuc,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune, ba ta canza ba.

Kin san ni. Shekara ashirin da shida ina koyar da adabi, ina gaya wa 'ya'yan mutane su yi tunani da kansu. Don haka na ɗauki alƙalami zan rubuta miki ra'ayina, sai gwaggonki ta tsaya a kaina da ludayi.

Ta ce, "Kai wa ya tambaye ka? Yarinya tana da uwa, a tambayi uwarta."

Na ce, "Yaya, Nhan rasuwa ta yi, ba ofishin ba da shawara ta buɗe ba."

"Tana raye wa ke yanke magana a gidan nan? Kai? Mutuwa ce za ta sauke ta? Malam mai littattafai, ko tukunyar shinkafa bai iya kunnawa ba."

Sai ta hau kujera ta sauko da tsoffin kwabban nan biyu masu huji daga bayan hoton uwarki, da ɗan farantinsu. Noemi ta rugo da koren littafinta, gwaggonki ta zaunar da ita ta koya mata ƙa'idar kamar mai koyar da lissafi. In aka jefa, ɗaya ya nuna rubutu ɗaya ya kife, mamacin ya yarda. In duka biyu suka kife, ya ƙi. In duka biyu suka nuna rubutu, dariya yake yi, sai a gyara tambayar a sake. Kuma ba a wuce jifa uku, don mamaci ba mai tallan kifi ba ne da za a tsaya ana ciniki da shi.

To, jiya da safe, bayan gwaggonki ta tafi kasuwa, na sa doguwar rigata, na kunna turare, na zuba wa uwarki shayin bado, na karanta mata wasiƙarki. Na jefa. Duka biyu suka kife.

Ni ba ni da ta cewa. Da ta ni ce, mutum ne mai son ilimi, kowa ya sani. Amma kin ga yadda ta kasance. Kogin Faransa ba inda za shi, shekara mai zuwa ma zai cika.

Ki ci abinci mai zafi.

Mahaifinki,
Khiem

Lyon, 19 ga Oktoba

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa. Na ji.

Ban yi zaton haka daga Mama ba. Ita ce take zaunar da ni ina bitar Faransanci tana tsinke ganye, ba ta jin ko kalma ɗaya amma tana cewa, "Sake, wannan bai fito da daɗi ba." A asibiti ma abin da ta ce min shi ne kada in zauna gadin hoto. Amma wataƙila can inda take ta fi mu ganin nesa.

Ban kuma san ranar da ka fara sauraron kwabbai ba, kai da kake cewa ƙarfe ba shi da kunne.

Ran Juma'a zan gaya wa malamata ta ba wani gurbin. Ka ce wa Gwaggo ta ci gaba da ƙirga kwanakinta.

'Yarka,
Thuc

Hue, 22 ga Oktoba

Thuc ƙawata,

Sannu, ya sanyi? Ni nan takalmana sun yi funfuna, littattafaina sun yi funfuna, ina jin ni ma na kusa. Gwaggo ta ce duk wanda bai ruɓe a daminar Hue ba bai zo Hue ba. Na iya cin dagargajen jatan lande ba tare da na toshe hanci ba, kuma yanzu ba na soka tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa. Ranar da na yi haka Gwaggo ta fizge shi ta ce, "Wa ya mutu? Mamaci ake yi wa haka."

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Tun da kika ce min Mama ta ƙi nake jin ba daɗi. Na rasa ko in faɗa ko in yi shiru. Gidan nan sun riƙe ni kamar 'ya, ba na son in zama baƙuwar da ta ci shinkafar mutane ta kai gulmarsu. Amma ke ma ƙawata ce, kuma Juma'a ta kusa.

Ranar da Baba ya jefa kwabban nan ina zaune a kan matakala, bai gan ni ba. Ba laɓe nake ba, rahotona nake rubutawa. Ga abin da ke cikin littafina.

Jifa na farko: ɗaya rubutu, ɗaya kife. Baba ya duba faranti ya daɗe, sannan ya ce wa hoton, "Nhan, ina jin ba ki ji tambayar da kyau ba."

Na biyu: haka dai. Ya ce, "Shekara guda fa aka ce, ba wata guda ba."

Na uku: duka rubutu. Ya ce, "Ba abin dariya ba ne."

Na zaci an gama, tunda Gwaggo ta ce uku ne. Sai ya zubar da shayin, ya zuba mata mai zafi, ya ci gaba. Na huɗu dariya. Na biyar dariya. Na shida ta sake yarda. A na bakwai ne suka kife. Ya ce, "Yawwa." Amma bai tashi ba. Yana nan durƙushe har turaren ya cinye, har Gwaggo ta dawo tana kiran a zo a karɓar mata kaya.

Kada ki yi fushi da shi da yawa. Akwai abubuwan da ba ya rubuta miki. Kowace Lahadi yana fito da babur ɗinki ya goge, ya tayar da shi, ya bar shi yana kuka minti biyar, wai don kada batir ya mutu. Da yamma in ɗalibai suna dawowa daga jami'a sai ya ɗauki lema ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce yana duba ko kwata ta toshe. Sau biyu ya kira ni da sunanki, na amsa.

In kin ga bai kamata in faɗa ba, ki yafe min. Wannan shafin ba zan sa shi a rahoto ba.

Taki,
Noemi

Lyon, 23 ga Oktoba

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Tambaya ɗaya gare ni, ba ta raini ba ce: sau nawa aka tambayi Mama?

In kai ne kake so in dawo, ka faɗa da bakinka. Zan dawo ran goma sha ɗaya ga Janairu kamar yadda aka tsara, ba zan riƙe ka a zuciya ba ko na kwana ɗaya. Ni ma ina so in dawo, fiye da yadda kake tsammani. Wasu ranakun addu'a nake ka hana ni. Amma ka hana ni da sunanka, kada a ɗora wa Mama abin da ba ta ce ba.

Ina jiran amsarka kafin Juma'a.

'Yarka,
Thuc

Hue, 24 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Thuc,

Bayan gaisuwa: bakwai.

Na gaya wa gwaggonki da kaina. Ta ce a zuriyarmu kaf ba a taɓa samun wanda ya yi wa mamaci maguɗin zaɓe ba sai ni, ta ƙwace kwabban ta ɗaure a haɓar zaninta. Noemi kuwa tun safe take bin bango tana ɓoye min fuska. Na ce mata ta saki jikinta, shekara ashirin da shida ina neman ɗalibin da zai rubuta abin da ya gani, ban samu ba sai a kaina.

Kin ce in faɗa da bakina. To, ina so ki dawo. Gidan nan ya yi min faɗi. Na faɗa, kin ji, kuma wannan ba dalili ba ne da za a hana yarinya karatu.

Uwarki ta yarda tun jifa na farko. Ki je ki ce wa malamarki kin amsa. Ni ne na yi kuskure.

Mahaifinki,
Khiem