Kada Wanzami Ya Taɓa Shi

Landan, Maris 1976

Yaya Ruka,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Gwaggo, ya mutanen Kontagora? Na ji kin kusa haihuwa, Allah ya sauke ki lafiya.

Ni da sauƙi. Ƙoda ce dai ta gaza, inji ke wanke mini jini. Kin san jinina ba ya tsayawa. In an zare allura, sai a danne wurin har hannun likita ya gaji. Kada Gwaggo ta ji.

In namiji kika haifa, don Allah kada wanzami ya taɓa shi. Likitoci sun ce rashin tsayawar jinin nan ciwon gado ne ta wajen uwa. Ashe ba maitar Iya Laraba ce ta kashe ƙaninmu ranar kaciya ba. In tana raye, ki nema mana gafararta. Ban san ko zan iso gida ba.

Ƙaninki,
Mahmudu