Ƙanena Sai Ya Yi Tsit Kafin Ya Amsa Mini

Malama, don Allah ki taimaka mini, raina a ɓace yake. Ni tsohon kafinta ne, ban yi makaranta ba. Maƙwabcina tela ne ke rubuta wannan, na kuma ce kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Ƙane ɗaya ya rage mini a duniya, yana nesa, jikin nasa ba ƙwari. Da yamma muke gaisawa ta bidiyo, ta wani akwatin intanet mai ƙifta fitila da ɗana ya ɗora bisa kantar falo. Kantar ma ni na ƙera ta, ba wanda ya nemi iznina. To, in na gaishe shi sai ya yi tsit, baki buɗe, yana kallona. Sai na shiga wata magana sannan ya amsa ta farko, ya katse ni. Yaron da na goya a bayana! Dama tun yana ƙarami ƙura ido ne halinsa.

Matar ɗana ta ce laifin akwatin ne. Ita kuwa a lokacin take baje yadudduka a kujera tana tura wa masu saye bidiyonsu, ban taɓa jin ta koka ba. Na bubbuga akwatin, na juya shi ya fuskanci taga, duk a banza. Na daina kira. Shi ma bai kira ba. Ni ne babba, ko ba haka ba?

Tsohon Kafinta

Baba, sannu da haƙuri. Ƙanenka bai raina ka ba, muryarka ce ke makara a hanya.

Ka tuna ƙofar shagonka. In ana shigo da manyan katakai a jere, mai ƙusa ɗaya a hannu dole ya tsaya a baya. Haka akwatin yake: yana tara bidiyon surukarka a dogon layi, gaisuwarka ta bi sahu. Bidiyonta ko ya makara ba wanda zai lura, hira kuwa ba ta jure jira. Ta faɗi gaskiya, sai dai da hannunta a ciki ba ta sani ba, kuma sana'arta take yi, kada ka hau ta da faɗa.

Ka roƙe ta ta dakata da turawa lokacin kiranku. Ɗanka kuma ya sa mai gyara ya saita akwatin ya riƙa gabatar da kira kan komai. In wannan akwatin ba ya iyawa, a canza shi. Bubbugawa ba ta yi masa magani.

Sannan ka duba ta can ɓangaren. Ƙanenka ma gani yake yayansa na katse shi, ga ciwo, ga shi an daina nemansa. Tunda kai ne babba, kai za ka kira, yau ɗin nan. In ka gaishe shi, ka yi shiru ka jira, amsar tana tafe. Allah ya ba shi lafiya, ya bar ku tare.