Na Ci Rabon Tsuntsaye

Hyattsville, Amurka
20 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga Yaya Sailuba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya. Surukarki Rumasa'u ta koma makaranta, jaririyar ta fara zama. Ɗanki Likita kuwa asibiti ya cinye shi, sai dai mu ga rigarsa a rataye.

Yaya, damuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san a bene muke, ba tsakar gida, ba mai yi maka sallama. Maƙwabciyarmu Pauline, wata nas 'yar Jos, ita ta ga ina ramewa, ta fara ɗaukata a motarta duk Asabar zuwa wani gandu a bayan gari. Wata tsohuwa ce ta rasu ta bar shi ga jama'a, kamar wakafi. Ƙungiya ke kula da shi, masu aikin ba a biyansu, Pauline ma tana cikinsu. Akwai rafi, akwai tumaki, da 'yan hanyoyi cikin itatuwa. Sai ga dawa, Yaya! Kunya shida kacal, an shuka don yaran birni su ga noman da. Na tsaya a gabanta na kasa gaba, sai da Pauline ta taɓa ni.

Asabar waccan na tarar an girbe, ga zangarniya zube a ƙasa. Na ce ashe nan ma ana bar wa mata kala. Pauline tana can wurin tumaki, na tsinta na ƙulle a mayafina. A gida na murje, Rumasa'u ta niƙa mini a injinta, na dama kunu. Rabona da ɗanɗanon nan tun Ɗambatta. Sai da na shanye Likita ya tambayi inda na samo. Ya ce akwai allo a ƙofar gandun da ya hana ɗaukar ko tsinke, dawar kuma da gangan aka bar wa tsuntsaye, don in ƙanƙara ta sauka ba sa samun komai.

Shi dariya ya yi. Ni ban yi ba. Na ci abin da ba nawa ba, ban kuma san wanda zan roƙa ya yafe mini ba. Mai gonar tana kabari, tsuntsu ba ya jin magana. Shekaranjiya Pauline ta ƙwanƙwasa, na ce ta tafi kawai. Ba zan iya taka wurin nan da hakkinsa a cikina ba. In kuma na rasa shi, Yaya, ba ni da wani wuri a ƙasar nan da zan sa ƙafa a kan ƙasa.

Don Allah ki tambayar mini Malam yadda zan yi. Ki gai da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hasiya


Hyattsville
24 ga Nuwamba, 1986

Yaya Sailuba,

Sallama irin ta addini, da fatan kun tashi lafiya. Yaya aikin kaka? Allah ya sa albarka a abin da aka samu.

Amsarki ba ta iso ba, na san nisa ne. Asabar huɗu na yi ina kallon motoci ta taga, har Pauline ta tsare ni sai da na faɗa mata. Ba ta bar ni na canza zani ba, ta kai ni wurin Constance, Baturiyar da ke shugabantar masu aikin, dattijuwa ce, takalminta duk taɓo. Pauline ta yi mana tafinta, ni kaina a ƙasa.

Matar nan ta saurare ni har ƙarshe, ba ta yi dariya ba. Ta ce nata da na ƙungiya ta yafe, amma na tsuntsaye ba ta da ikon yafewa, sai dai in mayar musu. Maganar ta kwanta mini ƙwarai. Muka je kanti, sai ga gero a leda da hoton tsuntsu a jiki. Nan gero ba abincin mutum ba ne, Yaya. Na auna ninkin abin da na ɗauka, na yi bismilla na watsa a kunyoyin. Ban bar wurin ba sai da na ga tsuntsayen sun sauko.

Daga nan Constance ta nuna mini dawar da suka girbe, tana jibge a ɗakin ajiya, ba wanda ya san yadda zai raba ta da ƙaiƙayi. Na nemi sanda da kwano biyu. Da ta ga tsaba na zuba, ta roƙe ni in riƙa zuwa duk Asabar ina nuna wa baƙi. Na amsa tun kafin Pauline ta gama fassarawa.

Abu ɗaya ne ban gaya wa kowa ba. Ina cikin sheƙa iska ta juya, na waiwaya in ce ki matsa kada ƙaiƙayi ya shiga idonki. Har na buɗe baki. Ba kowa a bayana sai Pauline, ta cusa hannu a aljihu saboda sanyi.

Ki gai da Malam, ki ce ya sa ni a addu'a. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Hasiya