Jinyar Duwatsun Teku

Zuwa ga Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali duka. Ya ƙafar Inna? Ya mai jego da jariri? Saƙon haihuwar ya iso ni, na yi wa Allah godiya da Ya ba ni ɗa.

Yaya, ba zan samu zuwa suna ba. Baturen masaƙar da nake yi wa aiki ya haɗa wani akwatin gilashi a falo, wai kiwon kifin teku zai yi. Ya sa an kawo masa duwatsu daga Ikko cikin jiƙaƙƙen buhu. Wuni muka yi muna jera su, a bar kogo nan, a bar rata can, ya rushe, mu sake. Gishirin ma daga ƙasarsu ya zo. Ya ce duwatsun nan rai gare su, in ruwan ya daina motsi za su mutu. Ya kafa ɗan famfon lantarki mai motsa ruwan, ya karɓi alkawarina cewa ba zan bari ruwan ya tsaya ba, ya tafi hutu. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, ni ne famfon, da ludayi nake motsa ruwan. Ko unguwar Abakpa da ke nan kusa ban isa in leƙa ba, balle gida. In na tafi, aikin ya tafi.

Kuma ko kifi ɗaya babu a ciki tukuna!

Ka tsaya a madadina, a raɗa masa sunan Baba. Ka gaida Inna, ta sa ni a addu'a. In yaron ya girma ya tambaya, ku ce aiki ne ya riƙe ni. Kada ku ce masa jinyar dutse nake yi.

Ƙaninka,
Isuhu